Baburan Ingila Biyu: Wanda Ya Ratso Sahara Zuwa Kano, Da Wanda Lungu Ya Gagara

A ranar 11 ga Disamba, 1934, wasu mata biyu 'yan ƙasar Ingila, Theresa Wallach da Florence Blenkiron, suka tashi daga birnin Landan a kan babur guda ɗaya, da niyyar sai sun dangana da birnin Cape Town, can ƙarshen Afirka ta Kudu. An ɗaura wa babur ɗin akwatin zama mai ƙafa ɗaya a gefensa, sannan yana jan wata 'yar tirela cike da mai da ruwa da guzuri. Suka ƙetare teku zuwa Aljeriya, suka kama hanyar Sahara ta Tamanrasset. Kafin su kai Agadas injin ya lalace, suka yi makonni a can suna jiran kayan gyara daga Ingila. Da aka ɗinke shi suka gangaro ƙasar Hausa, suka iso Kano a shekarar 1935, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero. Daga nan suka yi gabas, sa'annan kudu, suka sauka Cape Town a ranar 29 ga Yuli, 1935, bayan tafiyar da ta haura kilomita 20,000.

Sunan wannan babur Panther, ƙirar kamfanin Phelon and Moore na garin Cleckheaton. A wannan maƙala za mu ajiye shi kusa da wani babur na Ingila da aka ƙera shekara 70 bayansa, wato Triumph Sprint ST 1050, domin mu ga abin da lambobin da ake rubutawa a jikin babur suke nufi. Dukkansu biyu an yi su ne don doguwar tafiya. Bambancinsu shi ne Sprint yana cikin jinsin da maƙera ke kira babur na gudu da dogon zango: yana da zafin babur ɗin tsere, amma an gyara masa wurin zama da gilashin kare iska da akwatunan kaya, yadda mutum zai yini a kansa bai galabaita ba.

Mene ne "si-si"?

Duk yaron da ya taɓa tsayawa a rumfar bakanike a Ƙofar Ruwa ko Fagge ya ji ana cewa wannan mashin 100 ne, wancan 125 ne. Lambar tana nufin faɗin cikin silinda da fistin yake sharewa tsakanin hawansa da saukarsa, a ma'aunin santimita kubik, abin da ake taƙaitawa da si-si. Lissafinsa bai fi ƙarfin ɗalibin aji uku ba, domin shi ne dai lissafin cikin gwangwani: faɗin da'irar baki sau tsawo.

Panther silinda ɗaya gare shi. Faɗin bakinta milimita 87, tsawon zirga-zirgar fistin kuma milimita 100. Idan mai karatu ya ɗauki alƙalami zai sami kimanin si-si 594, wanda aka cike ana kira 600. Shi kuwa Sprint silinda uku gare shi a jere, kowacce faɗin bakinta milimita 79, zirga-zirgar fistin milimita 71.4. Kowace silinda ta ba da si-si 350, uku kuma suka tashi 1,050. Ke nan girman injin Sprint bai ma ninka na Panther sau biyu ba. To amma ƙarfin Panther bai wuce ƙarfin doki 25 ba, alhali na Sprint ya kai wajen 123. Ina wannan rata ta fito?

Sai mu fara rarrabe abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa. Akwai ƙarfin murɗawa, wato irin ƙarfin da hannu yake sa wa sifana idan ana kwance noti. Akwai kuma ƙarfin aiki, wato yawan aikin da inji yake gamawa a cikin daƙiƙa ɗaya, shi ne ake aunawa da ƙarfin doki. James Watt ne ya yaɗa wannan ma'auni a ƙarni na 18 domin ya gamsar da masu sayen injinsa na tururi, kuma ƙarfin doki ɗaya daidai yake da wat 746. Dangantakarsu kuwa ita ce: ƙarfin aiki shi ne ƙarfin murɗawa sau saurin juyawar inji. Saboda haka maƙeri yana da hanya biyu ta ƙara wa babur ƙarfi. Ko dai ya sa kowace fashewar mai ta yi nauyi, ko kuwa ya sa fashewar ta riƙa zuwa a kai a kai.

Maƙeran Triumph sun bi hanyoyin biyu, amma ta biyun ta fi ban sha'awa. Sprint yana ba da cikakken ƙarfinsa ne idan injin yana juyi 9,250 a minti ɗaya, wato fiye da juyi 150 a kowace daƙiƙa. Panther kuwa bai cika wuce juyi 5,000 da 'yan kai ba. Dalilin yana cikin tsawon zirga-zirgar fistin. A kowane juyi fistin yana hawa ya sauka, ya tsaya cik sau biyu ya sake tashi. A juyi 5,000, fistin ɗin Panther yana tafiyar kimanin mita 17 a daƙiƙa. Na Sprint, saboda gajartar hanyarsa, mita 22 kawai yake yi duk da juyi 9,250. Da za a tilasta wa Panther irin wannan juyi, fistinsa mai nauyi zai kai mita 31 a daƙiƙa, kuma ba a jima ba ƙarfen da ya haɗa shi da karanshaf zai ɓalle ya fasa injin.

Sai batun silinda uku. A inji mai bugu huɗu (shaƙar mai da iska, matsewa, fashewa, fitar da hayaƙi) kowace silinda tana fashewa sau ɗaya ne a cikin juyi biyu, wato digiri 720. Shi ya sa Panther yake da ƙara irin ta sakan turmi, bugu ɗaya sai jira, kuma dole aka sa masa faifan ƙarfe mai nauyi da zai riƙe juyin har bugu na gaba ya zo. A Sprint an raba digiri 720 ɗin gida uku, ana samun fashewa a kowane digiri 240, kamar mata uku suna lugude a turmi ɗaya. Kowace silinda kuma bawul huɗu gare ta, biyu na shiga biyu na fita, jimilla 12, domin injin da ke gudu haka yana bukatar ƙofofi masu yawa na numfashi. Ba shi da kafireta. Kwamfuta ce take auna iska ta fesa mai daidai bukata. Giya shida gare shi, ruwa ne ke sanyaya shi ta lagireta kamar mota, firam ɗinsa na alminiyom ne, nauyinsa ba mai ba ruwa kimanin kilo 210, kuma gudunsa yana haura kilomita 240 a awa.

Kamfanin da ya mutu ya dawo

Wani Bajamushe mai suna Siegfried Bettmann ne ya kafa Triumph. Da kekuna ya fara a birnin Coventry, aka ƙera babur na farko a 1902. A 1940 jiragen yaƙin Jamus suka ragargaza masana'antar, aka koma garin Meriden. Bayan yaƙi, Triumph da BSA da Norton suka mamaye kasuwannin duniya, har da ƙasashen da Ingila ke mulka irin tamu. Amma suka saki jiki. A 1969 kamfanin Honda na Japan ya fito da CB750, mai silinda huɗu da birkin faifai da makunnin lantarki, ga shi ba ya ɗigar da baƙin mai a tsakar gida kamar yadda aka san baburan Ingila da yi. Cikin 'yan shekaru kasuwa ta juya. Kamfanin da ya ƙera Panther ma tun a tsakiyar shekarun 1960 ya rufe. Ma'aikatan Meriden suka karɓi masana'antarsu suka riƙe ta a matsayin ƙungiyar gama-kai, amma a 1983 ita ma ta durƙushe.

A wannan shekarar ce John Bloor, wani attajiri mai sana'ar gina gidaje, ya sayi sunan Triumph. Abin da ya yi ya cancanci ɗaliban injiniya su lura da shi: bai yi gaggawar farfaɗo da tsofaffin injina ba. Ya tura mutanensa Japan suka ga yadda waɗanda suka kayar da su suke aiki, ya gina sabuwar masana'anta a Hinckley, sai a 1990 aka nuna sababbin baburan a bajekolin birnin Cologne na Jamus. Sprint ST na farko, mai si-si 955, ya fito a 1999. Gobara ta cinye babban sashen masana'antar a 2002, aka sake ginawa, sannan mai si-si 1,050 ya fito a 2005. Yanzu an daina ƙera shi, sai dai na hannu.

Idan aka shigo da shi cikin birni

Mu ɗauka wani ya sayi irin wannan babur ya shigo da shi ta Ƙofar Mata, ya nufi Kasuwar Kurmi. Lungunan cikin ganuwa an tsara su ne tun zamanin jaki da doki da mai tafiya a ƙasa. Wani lungun ma mutum biyu ba sa jerawa. A nan ƙarfin doki 123 ba shi da wurin zuwa. Lagireta tana bukatar iska ta riƙa ratsa ta, ga shi ana tafiyar hawainiya a zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40, sai fanka ta yi ta aiki, zafin injin yana dukan ƙafafun mahayi. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska. Man da aka saya a galan a bakin titi, idan da datti ko gauraye, yana iya toshe ƙananan kafofin fesa mai, kuma gyaransu sai da na'urar da ba kowace rumfa ke da ita ba. Ɗan ƙaramin mashin mai si-si 100, wanda ƙarfinsa bai kai doki 10 ba, zai wuce shi ya je ya dawo. A ganina ma tsohon Panther, da iska ke sanyaya shi, wanda sifana da guduma suka isa a kwance shi, ya fi kusa da rayuwar birni fiye da Sprint.

A kan buɗaɗɗiyar hanya, kamar ta Kano zuwa Zariya, a nan ne Sprint yake nuna abin da aka yi shi dominsa, a nan ne kuma wani lissafin yake shigowa, wanda ya kamata kowane malamin fiziks ya rubuta a allo. Kuzarin abin da ke tafiya shi ne rabin nauyinsa sau gudunsa sau gudunsa. Wato idan gudu ya ninka biyu, kuzarin ya ninka huɗu. Ƙaramin mashin da mahayinsa, a ce kilo 180, a gudun kilomita 40 a awa, suna ɗauke da kimanin jul 11,000. Sprint da mahayinsa, a ce kilo 310, a gudun kilomita 160, suna ɗauke da fiye da jul 300,000, kusan ninki 28. Wannan kuzari ba ya ɓacewa. Ko dai birki ya mayar da shi zafi sannu a hankali, ko kuwa jikin mutum ya karɓe shi a lokaci ɗaya. A wannan gudun, cikin daƙiƙa guda da mahayi zai yi kafin hannunsa ya kai ga birki, ya riga ya shafe mita 44, ko da akuya ce ta gitta ko rami ne ya ɓullo.

Kada mai ƙaramin mashin ya ce wannan lissafi bai shafe shi ba. Karo da bango a gudun kilomita 40 daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 6; a gudun kilomita 60 kuwa, mita 14 ne, wajen tsayin bene mai hawa huɗu. Samarin da ke wasa da babur a ranar ɗaurin aure, ba hular kwano, suna yawan kai wannan gudun a kan titin da ke cike da yara. Asibitin Ƙashi na Dala yana iya ɗora karaya, amma ƙwaƙwalwar da ta bugu da kwalta ba ta ɗoruwa.

Su kansu matan nan biyu ba baƙin gudu ba ne. Tun a 1934 Florence Blenkiron ta haura mil 100 a awa, wato kilomita 160, a filin tsere na Brooklands, ita ce mace ta farko da ta karɓi lambar da ake bayarwa a kan haka. Theresa Wallach ta samu tata a 1939. Amma da za su ratsa Sahara sai suka zaɓi inji mai silinda ɗaya, mai jan kaya a hankali, wanda za su iya kwancewa a kan rairayi da hannunsu. Bayan Cape Town suka rabu. Wallach ta koma gida ta jirgin ruwa, Blenkiron kuwa ta hau wani sabon Panther ita kaɗai ta juyo arewa, ta sake biyowa ta Kano, ta isa Landan a 1936.