Urakami: Coci, makaranta da tsuntsayen takarda a unguwar da bam ɗin Nagasaki ya faɗa wa

Duk ranar 9 ga Agusta, da ƙarfe 11:02 na safe, birnin Nagasaki na ƙasar Japan kan yi tsit na minti guda. Kafin a tashi daga taron tunawa da harin ƙare-dangin da Amurka ta kai wa birnin a 1945, wasu 'yan mata cikin kayan makaranta kan miƙe su rera waƙar da ake kira Senbazuru, wato gauraki dubu. Ɗaliban Junshin ne, makarantar 'yan mata ta ɗariƙar Katolika da ke kwarin Urakami, wadda ta rasa ɗalibai da ma'aikata 214 a harin. A kewayen filin taron kuwa tsuntsayen takarda ne birjik, an ninke su da hannu an jera a zare.

Mai kallo daga nesa zai ɗauka ado ne kawai da juyayi. Amma a bayan waƙar da tsuntsayen akwai gardamar da mutanen Urakami suka shafe fiye da shekara saba'in suna yi da juna: shin addu'a da haƙuri su ne suka raya al'ummarsu, ko kuwa su ne suka rufe mata baki lokacin da ya kamata ta tuhumi waɗanda suka jefa ta cikin bala'i?

Shekara 250 babu limami

Addinin Kirista ya shiga Japan a 1549 ta hannun Francis Xavier, ya kuma yi ƙarfi a yankin Nagasaki. Masu mulki sun tsorata da shi, suna ganinsa a matsayin ɗan jagoran Turawan mamaya. A 1597 aka gicciye Kiristoci 26 a tudun Nishizaka, a 1614 kuma aka haramta addinin baki ɗaya. Daga baya aka ɓullo da wata jarrabawa da ake kira fumi-e: duk shekara a tara jama'a, a ajiye hoton Yesu ko na Maryamu a ƙasa, kowa ya zo ya taka. Wanda ya yi turjiya ya tona kansa.

Manoman Urakami sun taka hoton, sun koma gida sun nemi gafara, sun ci gaba da addininsu a ɓoye. Abin da ya ba su damar ɗorewa shi ne tsari. Suna da mutum guda da ake kira chokata, wanda ke riƙe da lissafin ranakun ibada da addu'o'i. Ƙarƙashinsa akwai mizukata masu yi wa jarirai baftisma, sai kikiyaku masu bi gida-gida suna isar da saƙo. Ba fada, ba ginin coci, amma ikilisiya tana aiki, uba na miƙa wa ɗa har zuriya bakwai.

A ranar 17 ga Maris 1865 wasu daga cikinsu suka shiga sabon cocin Oura, wanda aka gina domin baƙi Turawa, suka raɗa wa Fada Bernard Petitjean, wani Bafaranshe, cewa addininsu ɗaya da shi. Farin cikin bai daɗe ba. Daga 1867 aka fara kame, sabuwar gwamnatin Meiji kuma ta kwashe kusan mutum 3,400 daga Urakami ta warwatsa su a sassan ƙasar. Fiye da 600 sun mutu a tsare. Sai a 1873, bayan matsin lambar ƙasashen waje, aka ɗage haramcin, waɗanda suka rayu suka dawo suka tarar da gonaki sun zama daji. Wannan azabar ba su kira ta da wani suna mai nauyi ba. "Tafiya" kawai suke ce mata.

Cikin waɗanda suka dawo akwai wata matashiya, Iwanaga Maki, wadda ta haɗa kai da wasu mata suka riƙa jinyar masu annoba, a 1874 kuma suka fara ɗaukar marayu suna reno. Tun kafin a aza tubalin coci an riga an kafa aikin kula da yara. Filin da al'ummar ta saya domin ginin kuwa ba na kowa ba ne illa gidan dagacin da ake tara kakanninsu su taka hoton. An fara aiki a 1895, ba a gama hasumiyoyin biyu ba sai 1925. Shekara talatin talakawa suna karo-karo da jigilar jan bulo, har suka tsayar da abin da ake yi wa kallon coci mafi girma a gabashin Asiya a zamaninsa. Shekara ashirin kacal ya yi a kammale.

Ranar da gajimare ya sauya hanya

Birnin Kokura aka nufa da bam ɗin. Hayaƙi da gajimare suka rufe shi, jirgin ya juya zuwa Nagasaki, bam ɗin kuma ya fashe a saman Urakami, kimanin mita 500 daga cocin. A lokacin fada biyu da wasu mabiya suna ciki, ana furta zunubi a shirye-shiryen idin 15 ga Agusta. Babu wanda ya fita. Cikin mabiya kusan 12,000 na ikilisiyar, kimanin 8,500 sun mutu. A birnin gaba ɗaya mutum kusan 74,000 ne suka rasu kafin ƙarshen shekarar.

Makarantu sun fi kowa jin jiki. Yawancin 'yan matan Junshin ba a aji ajali ya same su ba, a masana'antun makamai na Mitsubishi ne, inda gwamnatin yaƙi ta tura ɗalibai aiki. Firamaren Yamazato ta gwamnati, wadda ke maƙwabtaka da cocin, ta rasa kimanin yara 1,300 cikin fiye da 1,500.

A nan ne wani likita, Nagai Takashi, ya shigo labarin. Masanin hoton ƙashi ne, ya karɓi Katolika a hannun dangin matarsa Midori, wadda zuriyar chokata ce. Tun kafin harin yana fama da sankarar jini. Bayan harin ya tsinci ƙasusuwan matarsa a tokar gidansu tare da carbinta da ya narke. A taron addu'ar da aka yi wa mamatan a kangon cocin ranar 23 ga Nuwamba 1945, Nagai ya bayyana mutuwarsu a matsayin hadaya ta ƙonawa, tsarkakakkiya, wadda Allah Ya zaɓa domin a kawo ƙarshen yaƙin.

Kafin a yanke masa hukunci, yana da kyau a san da su wa yake magana. Mutanen tsakiyar birni, waɗanda tsaunuka suka kare, sun daɗe suna raina Urakami a matsayin unguwar Kiristoci da ƙasƙantattu, har akwai masu cewa bala'in horo ne ga waɗanda suka ƙi bautar allolin ƙasa. Ga wanda ya binne iyalinsa kaf, a ce masa zaɓaɓɓu ne ba la'anannu ba, magana ce da ta hana mutane da yawa karaya. Nagai ya ƙare rayuwarsa a wata bukka mai faɗin tabarma biyu da 'yan coci suka gina masa, yana rubutu a kwance. Ya buɗe wa yaran unguwa ɗan ɗakin karatu, ya sayi dashen itatuwan sakura fiye da dubu aka shuka a coci da makarantu. Ya rasu a 1951.

Sai dai maganar tasa ta yi wa masu iko daɗi fiye da kima. In nufin Allah ne, to wa za a tuhuma? Ba shugabannin Japan da suka ja yaƙin ba, ba kuma Amurka da ta saki bam a kan farar hula ba. Wannan ita ce sukar da marubuta irin su Yamada Kan da Takahashi Shinji suka yi daga baya, kuma tana da nauyi. Ko littafin Nagai da ya fi shahara, Nagasaki no Kane, wato Ƙararrawar Nagasaki, hukumomin mamayar Amurka ba su bari ya fito ba sai a 1949, bisa sharaɗin a liƙa masa rahoton ta'asar sojojin Japan a Manila. A haka aka samu karin maganar da ke cewa Hiroshima ta fushi ce, Nagasaki ta addu'a.

Hiroshima ta bar kangon gininta mai ƙubba a tsaye, yau duniya na zuwa kallo. A Nagasaki an rushe kangon cocin a 1958, aka gina sabo a 1959. Magajin gari Tagawa Tsutomu, wanda da farko ya nuna goyon bayan a adana kangon, ya sauya ra'ayi bayan ziyarar da ya kai Amurka a 1956, abin da har yau ake yi masa fassara iri-iri. Su kuwa shugabannin coci hujjarsu ita ce ba za su bar filin da kakanninsu suka sha wuya a kansa ba, kuma ikilisiya mai rai tana bukatar rufi. Ko wanne ɓangare mutum ya bi, birnin ya rasa babbar shaidarsa.

Muryar ta fara buɗewa ne bayan ziyarar Fafaroma John Paul II a Fabrairun 1981, inda ya faɗa a Hiroshima cewa yaƙi aikin ɗan Adam ne. Wasu Katolikan da suka tsira, waɗanda suka yi shekaru suna ganin ba da labari kamar ƙorafi ne ga Ubangiji, sun fara magana a bainar jama'a. A Disambar 1988 magajin garin Nagasaki, Motoshima Hitoshi, shi ma Katolika, ya ce Sarki Hirohito na da alhaki a yaƙin. Wani ɗan ra'ayin riƙau ya harbe shi a Janairun 1990, amma ya rayu.

Ina takarda ta shigo?

Ninkin takarda, wanda Japanawa ke kira origami, ba al'adar coci ba ce. Littafi mafi daɗewa da aka sani kan ninka gauraki ya fito a 1797, lokacin da Kiristocin Urakami ke ɓoye. Tsuntsun, tsuru, ɗan'uwan gaurakan da muka sani ne, kuma a tatsuniyar Japan yana shekara dubu, shi ya sa ake cewa wanda ya ninka dubu zai samu biyan buƙata. Sana'ar ta zauna daram a makarantu ne a zamanin Meiji, lokacin da Japan ta ɗauki tsarin renon yara na Bajamushe Friedrich Froebel, wanda shi ma ya sa ninkin takarda cikin darussa.

Wadda ta haɗa tsuntsun da bam yarinya ce daga Hiroshima, Sasaki Sadako. Tana da shekara biyu aka kai harin, ta kamu da sankarar jini bayan shekara tara, ta riƙa ninka gauraki a gadon asibiti har da takardun magani, ta rasu a Oktoban 1955 tana da shekara 12. Wani littafin yara da ya yaɗu a Amurka ya ce ta tsaya a 644, amma iyalinta sun ce ta haura dubu. 'Yan ajinta ne suka tara kuɗin da aka gina mata dandalin tunawa a 1958.

Dalilin da aikin ya dace da rayuwar ikilisiya da makaranta a bayyane yake. Ba almakashi, ba gam, takarda ce mai kusurwa huɗu daidai wadda faɗinta bai kai tafin hannu ba. Yaro ɗan firamare zai iya, tsohuwa mai rawar hannu ma za ta iya. Amma in kowane tsuntsu zai ci minti uku, dubu na buƙatar awa 50, don haka da wuya mutum ya yi shi kaɗai. Sai an raba: aji guda, ƙungiyar mata, gidan tsofaffi. Galibi ana jera arba'in a zare ɗaya, zare 25 su ba da dubu. A cikin awannin nan da hannu ke aiki baki na sake, a nan ne jika ke jin abin da kaka ta gani. A ganina amfanin tsuntsun ya fi yawa a wannan zaman fiye da ranar da aka rataye shi.

Duk da haka tuhumar da aka yi wa Nagai ta biyo takardar. Hiroshima kaɗai na karɓar gauraki kusan miliyan 10 a shekara, nauyin kusan tan 10, har sai da aka koma sarrafa su zuwa littattafan rubutu da katuna. Barack Obama ya kai gauraki huɗu na ninkin hannunsa a ziyararsa ta 2016, bai kuma nemi gafara ba. Gwamnatin Japan, wadda firaministanta ke zaune a sahun gaba yana sauraren 'yan matan Junshin, ta ƙi sa hannu a yarjejeniyar haramta makaman nukiliya ta 2017, domin tana fakewa a inuwar makaman Amurka. Fadar Vatikan na cikin waɗanda suka fara amincewa da ita. Najeriya ta miƙa tata amincewar a ranar 6 ga Agusta 2020, cikar shekara 75 da harin Hiroshima.

Nagasaki ta yau ba ta yi shiru irin na da ba. Fafaroma Francis ya tsaya a inda bam ɗin ya fashe a Nuwamban 2019, a tafiyar kuma ya ce mallakar makamin ma kanta rashin ɗa'a ce. A 2023 shugabannin Katolika na Nagasaki da Hiroshima suka ƙulla ƙawance da na Seattle da Santa Fe, yankin da Los Alamos ke ciki, inda aka ƙera bam ɗin, domin neman a kawar da makaman. A 2024 magajin gari Suzuki Shiro bai gayyaci Isra'ila taron ba ana tsaka da yaƙin Gaza, jakadun Amurka da Birtaniya da wasu ƙawayensu suka ƙaurace. A shekarar ne kuma ƙungiyar waɗanda suka tsira, Nihon Hidankyo, ta samu kyautar Nobel ta zaman lafiya.

Matsalar da ke gaban ikilisiyar yanzu ta lokaci ce. A 2025 adadin waɗanda suka tsira daga hare-haren biyu ya faɗi ƙasa da 100,000 a karon farko, matsakaicin shekarunsu ya haura 86. Da dare a ranar 9 ga Agusta mabiya kan fito da tocilan wuta daga cocin zuwa dandalin zaman lafiya, ɗauke da kan mutum-mutumin Maryamu da aka tono daga kangon, idanunsa ramuka biyu baƙaƙe. Cikin ƙararrawa biyu na tsohon cocin, ɗaya aka haƙo da sauran amfani, aka kaɗa ta a jajibirin Kirsimetin 1945. Hasumiya ta biyu ta zauna wayam har 2025, lokacin da Katolikan Amurka suka yi karo-karo suka aiko da sabuwa. Wanda ya jagoranci tara kuɗin, Farfesa James Nolan, jikan likitan da ya yi aiki a shirin ƙera bam ɗin ne.