FASHIN BAƘI: Tsaron Nukiliya A Najeriya, Daga Zariya Zuwa Iyakar Maigatari

Duk sanda aka tada maganar gina tashar lantarki ta nukiliya a Najeriya, martanin matasa a soshiyal midiya kusan ɗaya ne: ƙasar da babban layin wutarta ke durƙushewa sau da dama a shekara, ina ita ina nukiliya? Tsoron yana da hujja. Amma ya kau da kai daga wata gaskiya, wato kayan nukiliya sun daɗe a cikin ƙasar, kuma akwai hukumar da doka ta ɗora wa alhakin sa ido a kansu.

Tun 2004 tukunyar nukiliya ke aiki a Cibiyar Bincike da Horo kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Sunanta NIRR-1, ƙirar Chana ce, ƙarfinta kimanin kilowat 30. Ba ta samar da lantarki. Bincike da horar da ɗalibai ake yi da ita. Da farko yuraniyom da aka tace sama da kashi 90 cikin ɗari take amfani da shi, irin wanda ake iya haɗa makami da shi. A 2018 aka musanya shi da na kashi 13, aka mayar da tsohon Chana.

Babbar tashar kuwa har yanzu a takarda take. An ambaci Geregu a Kogi da Itu a Akwa Ibom, kuma a 2017 an rattaba hannu kan yarjejeniya da kamfanin Rosatom na Rasha.

Mai sa idon ita ce Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta Najeriya, NNRA. Dokar 1995 ce ta kafa ta, ta fara aiki a 2001. Ita ke ba da lasisin shigowa da kayan da ke fitar da tururin nukiliya, ajiye su da jigilar su, tun daga na'urar hoton ƙashi ta asibiti har zuwa kayan auna rijiyoyin mai. Sai dai a ƙarƙashin Ma'aikatar Albarkatun Man Fetur take, alhali kamfanonin mai na cikin manyan waɗanda take bincika. Wannan ba ƙaramin gurbi ba ne. Bayan hatsarin Fukushima na 2011, kwamitin majalisar Japan ya kira abin bala'in da ɗan Adam ya jawo, domin hukumar sa ido tana zaune ne a ma'aikatar da ke tallata nukiliyar. Japan ta rushe ta, ta kafa wata a 2012.

To, me ya haɗa manomin riɗi na Gagarawa ko Sule Tankarkar da wannan? Geregu na da nisa. Abin da ke kusa shi ne iyaka da sana'ar gwangwan.

A tsallaken Maigatari jihar Damagaram take, kuma daga Damagaram hanya ta miƙe zuwa Agadas da Arlit, inda ake haƙar yuraniyom tun 1971. Mahaƙar COMINAK da aka rufe a Maris 2021 ta bar tarin dagwalo mai tururi da aka ƙiyasta ya kai tan miliyan 20. Masu bincike na CRIIRAD daga Faransa da na Greenpeace sun taɓa samun gurɓatattun ƙarafan mahaƙa ana sayarwa a kasuwar Arlit. Ƙarfe kuwa ba ya zama wuri ɗaya. Inda farashi ya fi tsoka can yake nufa. Tururin ba shi da wari, ba shi da launi, sai na'ura ke gano shi.

Abin da ya faru a Goiânia ta Brazil a 1987 ya nuna yadda lamarin ke kasancewa. Wasu mutum biyu suka kwance na'urar gashin kansa a wani asibiti da aka ƙaurace wa, suka sayar wa mai gwangwan. Garin da ke ciki yana walƙiya shuɗi cikin duhu, sai aka riƙa raba wa 'yan uwa don sha'awa. Mutum huɗu suka mutu, cikinsu da yarinya 'yar shekara shida, aka gwada sama da mutum 100,000. Najeriya ma ta ɗanɗana: a ƙarshen 2002 wasu kayan nukiliya biyu na aikin mai sun ɓace a yankin Neja Delta, ba a gan su ba sai a cikin tarin gwangwan a Jamus.

Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar kujera ɗaya suke da ita a Majalisar Wakilai, majalisar da ke amincewa da kasafin NNRA, take kuma da ikon gayyatar shugabanninta. Mai wannan kujera na iya tambaya a zauren majalisa: akwai na'urar gano tururi a iyakar Maigatari, kuma tana aiki? Jami'an kwastam nawa aka horar a kanta? Na'urorin hoton ƙashi nawa ne a asibitocin Jigawa ke da lasisi, kuma yaushe sufeto ya duba su na ƙarshe?