Kyamarar da ke duba ƙwayar yashi a duniyar Mars

Motocin bincike da hukumar NASA ta Amurka ke saukewa a duniyar Mars suna da kyamarori masu hango nesa a bisa dogon wuyansu, da kuma wata 'yar ƙarama a bakin hannun ƙarfe, wadda ake kaiwa dab da dutse ko ƙasa. Abin da take nema shi ne girman ƙwaya da siffarta. Manomin Dakoro kan damƙi ƙasa ya murza a tafinsa ya gane ta jigawa ce ko ta fadama. Masana duwatsu ma haka suke yi, sai dai da hoto. Yashin da iska ta daɗe tana korawa yakan mulmule, ɓaraguzan dutsen da bai yi tafiya ba suna da kaifi, laka kuwa in ta kwanta a ƙasan tafki takan bar siraran layuka.

Motocin Spirit da Opportunity, da suka sauka a Janairun 2004, hoton baƙi da fari kawai kyamarar hannunsu ke ɗauka, kuma sai an matsar da hannun gaba da baya kafin hoton ya fito tas. Duk da haka, ta Opportunity ce ta nuna wasu dunƙulallun tsakuwoyi masu sinadarin ƙarfe a filin Meridiani, shaidar cewa ruwa ya taɓa ratsa duwatsun. Curiosity ta sauka a ramin Gale a Agustan 2012 da kyamarar MAHLI mai launi, wadda ke ɗaukar hoto daga tazarar kusan santimita 2, tana ganin abin da bai kai kaurin silin gashi ba. Tana da fitilu don aikin dare da murfin kare ƙura. Perseverance ta je ramin Jezero a 2021 da irinta mai suna WATSON.

Ƙura ce babbar matsala, domin jan gari ya lulluɓe komai, sai an share ko an kankare fuskar dutsen tukuna.

Duwatsun Mars kan faɗo duniyarmu. Wanda aka tsinta a jihar Agadas a Nuwamban 2023, mai nauyin kusan kilo 25, an sayar da shi a kan sama da dala miliyan 5 a New York a 2025. Irinsa ana iya yankawa a ɗakin gwaji, amma ba a san takamaiman wurin da ya ɓalle ba. Kyamarar motar kuwa tana samun dutsen a mazauninsa, tare da abin da ke samansa da ƙasansa.