Faifan Linzami Da Haɗarin Sayen Zubin Farko

(Kiɗan buɗe shiri)

Yau za mu tsaya ne a kan wani ɗan fili da ke jikin kwamfutar tafi-da-gidanka, ƙasa da madannai, inda ake goga yatsa kibiya ta motsa a fuskar allo. Masu gyara suna ce masa tacfad, mu kuwa za mu riƙa kiransa faifan linzami. Mai saye yakan tambayi girman ma'ajiya, ya tambayi daɗewar batir, ya tambaya ko Core i5 ce ko Core i7, amma da wuya ka ji ya tambayi lafiyar faifan nan. Alhali shi ne yatsansa zai wuni a kai, kuma ranar da ya fara gardama, komai ƙarfin injin da ke ciki, aiki ya tsaya.

A ƙarƙashin wannan fili akwai siraran layukan lantarki da aka shimfiɗa a tsaye da a kwance. Jikin ɗan Adam yana ɗaukar lantarki, saboda haka da yatsa ya sauka, sai ma'aunin cajin wurin ya ɗan canza. Wani ƙaramin guntu na lantarki yana ta duba layukan nan sau da yawa a kowace daƙiƙa, ya gane inda yatsan yake, ya aika wa kwamfuta. Shi ya sa in ka goga murfin biro ba abin da zai motsa, in kuma hannunka da gumi ko ɗigon ruwa, kibiya ta rikice. Kamfanin Apple ne ya fito da faifan fili a idon duniya cikin 1994, a kwamfutocinsa na PowerBook 500, ya maye gurbin ƙwallon da ake murzawa da yatsa a da. Kamfanoni irin su Synaptics da Alps da Elan su ne suka riƙa ƙera wa yawancin sauran kwamfutoci nasu.

To in faifan ya fara ba da matsala, daga ina take? Wani lokaci ba wata matsala ba ce ma. A kwamfutocin HP da yawa, irin su EliteBook da ProBook da suka cika kasuwanninmu, in ka taɓa kusurwar sama ta hagu sau biyu a jere, faifan zai kashe kansa, wata 'yar fitila ta kunnu. Mutum ya ɗauki kwamfuta ya hau adaidaita har wurin mai gyara, ashe taɓawa biyu ce maganin. Wani lokaci kuma manhajar da ke haɗa faifan da Windows ce ta tsufa ko ta lalace, a sake sauke ta, shi ke nan.

Akwai wadda ta fi damun mu a nan, ita ce ta caja. Kwamfuta lafiya lau a kan batir, amma da an jona ta da wuta sai kibiya ta kama rawa, tana tsalle daga wannan gefe zuwa wancan. Cajar da ba ta asali ba, ko soket ɗin da ba a haɗa masa wayar ƙasa ba, ko wutar ƙaramin janareto, duk suna iya shigar da hayaniyar lantarki cikin jikin kwamfuta, faifan kuma ya kasa bambance hayaniyar da yatsan mai shi. A canza caja, sau da yawa a ga an rabu da abin.

Wadda nake roƙon mai sauraro ya riƙe da kyau ita ce ta batir. A yawancin siraran kwamfutocin yanzu, batir yana kwance ne daidai ƙarƙashin faifan linzami. In ya tsufa, ko zafi ya dafa shi, yakan tara iska a ciki ya kumbura, ya turo faifan sama. Alamar farko ita ce dannawa ta yi tauri, daga baya a ga gefen faifan ya ɗago. Don Allah kada a danne shi da ƙarfi, kada a huda batirin, kada a ci gaba da caji. Batir mai kumburi yana iya kamawa da wuta. A kashe kwamfutar, a kai wa wanda ya san aikin ya cire shi.

Duk waɗannan suna da magani. Wadda ba ta da magani a hannun mai gyara ita ce wadda aka haifi kwamfutar da ita, wato kuskuren da ke cikin tsarin ƙirar tun daga masana'anta. Irin wannan kuwa ya fi fitowa a zubin farko na kowace sabuwar ƙira.

(Gajeren kiɗa)

A watan Oktoban 2008, Apple ya fito da sababbin MacBook da aka sassaƙa jikinsu daga curin alminiyam guda. Ya cire maɓallin da ke ƙasan faifan gaba ɗaya, ya mai da faifan na gilashi, shi kansa ya zama maɓalli. Abin ya burge mutane. Amma ba a jima ba waɗanda suka riga kowa saye suka fara kuka: sai ka danna, ka ji ƙarar dannawar da kunnenka, kwamfuta kuwa ba ta san an yi ba. Cikin watan Nuwamba kamfanin ya fitar da gyaran manhaja don wannan matsala. Waɗannan sun yi sa'a, domin laifin yana cikin abin da ake iya aikowa ta intanet.

Masu ThinkPad ba su yi irin wannan sa'ar ba. ThinkPad kwamfutar ma'aikata ce, IBM ya fara ta a 1992, Lenovo na ƙasar Sin ya saye sashen a 2005. An san ta da ɗan jan maɓallin nan da ke tsakiyar madannai, wanda ake tura kibiya da shi ba tare da ɗaga hannu ba, tare da maɓallai uku da ke saman faifan. A 2013, a zubin T440 da T440s da T440p da X240, Lenovo ya cire maɓallan nan uku, ya ce faifan kansa zai yi aikinsu. Sai ya zama duk faifan ne yake nutsewa in an danna, da ƙara, kibiya kuma takan goce daga inda aka nufa a daidai lokacin dannawar. Wanda ya saba aiki da jan maɓallin ya rasa inda dama take, ya rasa inda tsakiya take, sai ya duba da ido. Babu manhajar da za ta dawo da maɓallin da ba a ƙera ba. Masu amfani suka yi ta ƙorafi, har a farkon 2015 kamfanin ya dawo da maɓallan a T450 da X250. Wanda ya riga ya sayi T440 fa? Da yawa sai da suka sayi faifan T450 da kuɗinsu suka dasa a tasu.

A ganina babu misalin da ya kai MacBook mai inci 12 ta watan Maris na 2015 koyarwa, domin sababbin abubuwa biyu ta zo da su a jiki ɗaya. Na farko faifan Force Touch, wanda ba ya nutsewa ko kaɗan. Na'urori huɗu ne a ƙarƙashinsa suke auna ƙarfin dannawa, wani ɗan inji kuma ya girgiza ya sa yatsa ya ji kamar an danna. In kwamfutar a kashe take, gilashi ne kawai ba motsi. Wannan ya yi kyau tun daga ranar farko, har yau da shi ake tafiya. Na biyu kuwa madannai ne masu sabuwar ƙira da aka yi wa laƙabi da malam-buɗe-littafi, saboda yadda ƙafafunsu ke buɗewa. An yi su ne don kwamfuta ta ƙara sirancewa. Ƙwayar ƙura ɗaya in ta shiga ƙarƙashin harafi, sai ya maƙale, ko ya ƙi fitowa, ko ya fito sau biyu. Gyaran kuma ba na harafi ɗaya ba ne, sau da yawa sai an canza duk saman kwamfutar, kuɗi ɗaruruwan daloli ga wanda garantinsa ya ƙare.

Kamfanin ya kai wannan ƙira cikin MacBook Pro a 2016, ya yi ta yi mata kwaskwarima shekara bayan shekara. A watan Yunin 2018 ya buɗe shirin gyara kyauta na shekara 4 daga ranar da aka fara sayar da kwamfutar. A ƙarshen 2019 ya fara komawa tsohuwar ƙira, ya kammala a 2020. A 2022 ya amince ya biya dala miliyan 50 don sasanta ƙarar da masu saye suka shigar a Amurka, inda wanda ya fi shan wahala zai iya samun har dala 395. Shekara biyar ke nan ana sayar wa mutane abin da ƙura ke kayarwa. Mai sauraro ya tuna yadda teburinsa yake wayar gari a lokacin hunturu, ya auna da kansa.

Kada a ɗauka ina cewa duk sabon abu lalatacce ne, ga Force Touch nan shaida. Haka ma MacBook Air mai injin M1 ta 2020 ta fito lafiya, sai dai a lura, sabon inji aka sa a cikin gangar jikin da aka riga aka yi shekara biyu ana gwadawa a hannun jama'a. Abin da nake cewa shi ne, ranar da sabuwar ƙira ta fito, babu wanda ya san ɓangaren da za ta faɗa, har da kamfanin da ya yi ta. Gwajin masana'anta na 'yan watanni ne, a ɗaki mai sanyi da tsabta. Gwaji na gaskiya yana farawa ne lokacin da miliyoyin hannuwa suka karɓa, da guminsu da ƙurarsu da jakarsu mai matsewa. Mai sayen zubin farko shi ne ɗan gwajin ƙarshe, kuma shi yake biya, ba biyan sa ake yi ba. Abin bai tsaya kan kwamfuta ba. A watan Afrilun 2019, wayar Galaxy Fold ta Samsung mai naɗewa, mai farashin dala 1,980, ta fara lalacewa a hannun 'yan jarida cikin kwanaki kaɗan, dole aka ɗage fitowarta zuwa Satumba. iPad ta farko ta 2010 kuwa ba ta lalace ba, amma sabunta manhajarta ya tsaya a iOS 5, ita kuwa ƙanwarta da ta fito bayan shekara ɗaya kacal ta kai har iOS 9.

(Gajeren kiɗa)

Wani zai ce, malam, mu ina ruwanmu, wa ya ga mun yi layi a ƙofar kanti ranar fitowar sabuwar kwamfuta? Gaskiya ne, yawancinmu na hannu muke saye, waɗanda ofisoshi da makarantun Turai da Amurka suka gama da su, su sauka Computer Village a Ikeja, su iso titin Beirut a Kano ko Banex a Abuja. Amma zubin farkon nan ba ɓacewa yake yi ba, nan yake ƙarewa. T440p tana nan a kan kanta kusa da T450. MacBook Pro ta 2016 da ta 2017 suna nan suna ƙyalli, farashinsu kuma ya fi na 'yan uwansu sauƙi, sauƙin nan kuwa yana da dalili. Wa'adin shekara 4 na gyara kyauta ya daɗe da cika, kuɗin sasanci na waɗanda suka saya a Amurka ne. Abin da ɗalibi ko mai shagon buga takardu yake da shi a nan shi ne 'yan kwanakin gwaji da mai kaya ya ba shi, in ma ya ba shi. Wannan ne yake ci mini rai, domin mutum yakan yi watanni yana tara kuɗin, wani ma adashi ya ɗauka.

Sai dai jinkirin nan yana da amfaninsa. Kafin kwamfuta ta iso hannunmu, duniya ta gama sanin halinta. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Juya kwamfutar, karanta lambar samfurin da ke ƙasa, sa ta a Google a wayarka kana tsaye a shagon, ka ga irin kukan da masu ita suka yi. In ka tarar ita ce ta fara sabuwar ƙira, tambayi mai kaya ko yana da wadda ta biyo bayanta, ko da za ka ɗan ƙara kuɗi.

Sa'annan kada ka ji nauyin cewa, Alhaji, a ba ni minti goma in gwada. Ɗan kasuwar kirki ba zai hana ka ba. Buɗe manhajar Paint, ka ja layi a hankali daga kusurwa zuwa kusurwa, ka zana da'ira, ka ga ko layin yana yankewa ko yana karkacewa. Danna faifan a tsakiya da kusurwoyin ƙasa biyu, ka ji ko duk suna amsawa, ko akwai wani lilo kafin dannawar. Yi wannan a kan batir, ka sake yi bayan an jona cajar da za a ba ka, ba wata cajar shago ba. Ajiye kwamfutar a kan shimfiɗaɗɗen tebur ka duba ko tana girgiɗi, ka sunkuya ka kalli faifan ta gefe ko ya ɗago. In Windows ce, shiga saitin faifan: tun daga Windows 8.1 a 2013 Microsoft ya fito da ma'auni guda da ake kira Precision, kuma faifan da ke kan wannan ma'auni ya fi sauƙin sha'ani, domin Windows da kanta take kula da shi. Daga ƙarshe buɗe shafin rubutu ka buga kowane harafi ɗaya bayan ɗaya, sa'annan ka rubuta jimla biyu da tafin hannunka a kwance yadda ka saba, ka ga ko kibiya za ta yi tsalle ta kai rubutun wani layi.

Ku kuma 'yan'uwa masu gyara, in an kawo muku kwamfuta faifanta ya yi tauri, ku buɗe ƙasanta ku duba batir kafin ku ce a sayo sabon faifai.

A nan za mu dakata.

(Kiɗan rufe shiri)