Me Ke Sa Hoton Gida Ya Iso Dishi-Dishi?

Duk wanda ya baro Arewa ya sauko Kudu neman abinci ya san darajar hoto. Mutumin Jos da ke zaune a Agege ko Idi-Araba cikin Ikko, ko Sabo ta Badun, ko Shagamu, sau da yawa ba ya samun zuwa gida sai Salla zuwa Salla. A tsakani a yi aure, a yi suna, a yi saukar karatu, duk ba ya nan, sai dai a aiko masa da hoto. To, abin takaici shi ne ya buɗe hoton ya tarar da shi dishi-dishi, ba a bambanta amarya da ƙawarta. Biki kuwa in ya wuce ya wuce. Wani dattijon ma da ke cikin hoton, wataƙila ganinsa na ƙarshe ke nan.

Ba a zumunci kaɗai abin ya tsaya ba, har da ciniki. 'Yan gwari na kasuwar Farin Gada a Jos sukan aika wa abokan hulɗarsu na kasuwar Mile 12 hoton tumatir da kabeji da karas da dankalin Turawa kafin a yi lodi. In hoton bai fito sosai ba, mai saye yana iya zaton ana ɓoye masa wani aibi ne, sai ya karya kuɗin kaya.

Da yawa in haka ta faru sai su ce kyamarar ce ta lalace, ko kuwa araha ce. Galibi ba haka ba ne. Kyamarar dijital ta farko, wadda wani injiniya mai suna Steven Sasson ya haɗa a kamfanin Kodak na Amurka cikin 1975, sai ta yi sakan 23 kafin ta adana hoto ɗaya tak, shi ma baƙi da fari. Wayar da ke aljihun ɗan acaɓa a yau ta fi ta nesa ba kusa ba. Laifin yakan zama na ƙura ne, ko na hannu, ko na saiti.

A FARA DA DUBAN HOTON

Likita ba ya ba da magani sai ya san cuta. A buɗe hoton, a ƙara girmansa, a duba da kyau. In komai ya yi fari-fari kamar an shafa madara, fitilu kuma sun yi gewaye kamar wata ya yi lema, gilashin kyamara ne ya yi datti. In komai ya ja layi ko ya fito biyu-biyu, har bango da itatuwa, hannu ne ya girgiza. In bango ya fito garau amma mai tafiya ya shafe, motsin mutumin ne. In kuwa motar da ke baya ta fito tangaran, fuskar ango ta dusashe, to saiti ne ya kuskure. Kowanne da maganinsa.

ƘURAR HUNTURU

Jos tana bisa tudu, wajen mita 1,200 daga doron teku, shi ya sa sanyinta ya yi suna. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana kwaso ƙura daga Hamada, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta baza ta ko'ina. Ƙurar nan tana kwanciya a kan gilashin kyamara. Ga shi kuma lokacin ne kowa ke shafa man basilin ko man kaɗanya don kaushi, yatsa ɗaya ya taɓa gilashin, shi ke nan an gama da hoton ranar.

Kada a goge da bakin riga ko hula. Ƙurar hunturu tana da tsaurin yashi, tana karce gilashi, karcen kuwa ba ya gyaruwa. A fara hure ta da ɗan famfon iska na masu hoto, sa'an nan a goge a hankali da ƙyalle mai laushi irin na tabarau.

Akwai kuma hazon da ke cikin iska kansa. Wanda ya tsaya cikin gari a watan Janairu yana son ɗauko duwatsun Shere, kome tsadar kyamararsa ba za su fito ba, domin ƙurar tana tsakaninsa da su. Sai ya matsa kusa, ko ya jira damina ta wanke sarari.

RAWAR HANNU

Kyamara tana da wani ɗan ƙyaure da ke buɗewa ya rufe don haske ya shiga. Da rana tsaka a fili yakan buɗe kashi ɗaya cikin 500 na sakan ko ƙasa da haka, hannu bai isa ya motsa ba. Amma a cikin zaure, ko bayan magariba, ko lokacin da aka ɗauke wuta, sai ya daɗe a buɗe yana neman haske. Ko numfashi ma yakan ɓata hoton. Balle da asubahin Disamba a Bukuru, inda sanyi kan sauko kusa da digiri 10, hannu yana karkarwa.

Masu sana'ar suna da wata ƙa'ida tun zamanin fim: in gilashin mai milimita 50 ne, kada saurin ƙyauren ya gaza 1/60, in mai milimita 200 ne, kada ya gaza 1/250. Wato gwargwadon janyo abu daga nesa, gwargwadon yadda girgiza ke bayyana. A riƙe kyamara da hannu biyu, a manna gwiwar hannu a haƙarƙari, a jingina da bango. In da hali a ɗora ta kan mariƙi mai ƙafa uku ko kan tebur, a sa mata agogon jinkiri na sakan 2 ta ɗauka da kanta. Mafi sauƙi duka shi ne a fito da jama'a tsakar gida, a tsayar da su a inuwa mai haske.

Yara masu guje-guje, ko mahaya doki ranar Salla, su sai an kai 1/500 ko fiye, ko a murɗa kyamarar zuwa alamar mutum mai gudu.

SAITI

Kyamarorin yanzu suna saita kansu, amma ba su san wanda kake nufi ba. Abin da suke nema shi ne wurin da duhu da haske suka haɗu. Farar babbar riga a gaban farin bango tana rikita su, haka ma hazo. A gidan namun daji na Jos, wanda ya ɗauki dabba ta bayan waya yakan koma gida da hoton waya garau, dabbar kuwa sai inuwa.

A danna maɓalli rabi, a jira ƙara ko koren alama, kana a ƙarasa dannawa. A wayar hannu kuwa a taɓa fuskar mutumin a jikin allo kafin a ɗauka. A ko da yaushe ido ake saitawa, in ido ya fito hoto ya fito. A duba kuma ɗan makunnin da ke gefen gilashi mai rubutun AF da MF. In ya zame zuwa MF cikin jaka, kyamarar ta daina saita kanta ke nan, mai ita bai sani ba.

Hoton taron dangi mai sahu uku yana da nasa sharaɗi. In ƙofar hasken gilashi a wangale take, kamar f/1.8, sahun gaba kaɗai zai fito. A tsuke ta zuwa f/8, a saita kan na sahun tsakiya. Har wa yau kowane gilashi yana da iyakar kusancin da zai iya gani. Mai cusa waya cikin kwandon tumatir ya ja da baya kaɗan. Janyo hoto da yatsu biyu a waya kuwa galibi yanka shi ake yi a buɗa, ƙafa ta fi shi aiki.

RAƁA DA FUMFUNA

Kyamarar da ta kwana cikin mota a sanyin Jos, in aka shigo da ita ɗaki mai ɗumi, gilashinta yakan yi gumi. A Ikko ma haka ne, in an fito daga ɗaki mai na'urar sanyi zuwa waje. A bar ta cikin jakarta na ɗan lokaci, kada a yi ta gogewa. Mazauna Kudu su yi hattara da laima, gama tana haifar da fumfuna a cikin gilashi, kamar saƙar gizo-gizo. A ajiye kyamara cikin akwati mai rufuwa tare da ƙunshin ƙwayoyin nan masu shan laima da ake samu cikin kwalin sabon takalmi.

Wani lokaci kuma hoton ya baro Jos lafiya, a hanya ya lalace. WhatsApp yana matse hoto don ya rage nauyi, in aka yi ta tura shi ana ɗaukarsa daga allo sai ya ƙara dusashewa. Hoto mai muhimmanci a ce wa na gida su aiko shi a matsayin fayil, daga wayar da ta ɗauka.

GWAJI KAFIN A JE WURIN MAI GYARA

A manna wannan shafin jarida a bango da rana, a goge gilashi, a ɗora kyamara kan tebur daura da shi, a sa agogon jinkiri. In rubutun ya fito ana karantawa sarai, kyamara lafiyarta lau, hannu ne ke bukatar horo. In bai fito ba, ko gefe ɗaya kullum a dushe yake, musamman bayan ta taɓa faɗuwa, to a kai wa mai gyara, kada a kwance ta a gida.

Matasa masu son sana'ar kuwa, ba sai sun yi nisa ba. A Jos ne hedkwatar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya take, wadda aka kafa cikin 1979, tare da makarantarta ta koyon aikin fim, ga kuma kwalejin talabijin ta NTA a Rayfield.

Ranar biki dai a ɗauki hoto uku ko huɗu a kowace tsayuwa, a buɗe a duba idanu tun jama'a ba su watse ba. Allah Ya sada mu da iyalanmu lafiya, amin.