Abin da ya hana kabewa ɗaukar 'ya'ya a gidan leda

A wata gona da ke wajen Jos, ta hanyar Bukuru, wani dattijon manomi ya kafa gidan leda. Sama leda ce mai kauri a kan ƙarafa, gefuna kuma raga ce mai ƙananan idanu. Ya jera tumatir da kokwamba, sannan a kunyoyi biyu na ƙarshe ya shuka doguwar kabewar nan ta Turawa, zukini, wadda otal-otal ɗin Abuja ke saye da daraja. Tumatir ya yi, kokwamba har an gaji da tsinka. Kabewa ta yi ganye shar, ta cika da fure, amma duk ɗan da ta ɗauka ba ya wuce tsawon yatsa. Sai bakinsa ya yi rawaya, ya yi laushi, ya ruɓe, ya faɗi.

Taki aka fara zargi, kuma da hujja, domin yuriya in ta yi yawa shuka kan tafi ga ganye ta manta da 'ya'ya. Aka rage, ba ta sake zani ba. Aka koma kan ruwa, aka tona gindin shuka, danshi daidai yake. Wani maƙwabci ya ce ruɓewar baki ce irin wadda ke kama tumatir in ban ruwa ba ya kan ƙa'ida. To amma ga tumatir nan a ƙasa ɗaya, bututu ɗaya ke shayar da su, ko ɗaya bai taɓu ba.

Da malamin gona ya zo, wuƙa ya fara nema. Ya tsaga 'ya'yan da suka zube yana neman tsutsar ƙudan da ke huda kabewa ya yi ƙwai a ciki. Babu huda, babu tsutsa. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne cikinsu fayau yake, iri ko fara cika bai yi ba.

"Alhaji, irin nan a ina aka samo shi?"

"Iri dai ba shi da laifi, Malam. Ragowarsa yaron gona ya soka a bakin rijiya, je ka ga yadda ya yi."

Ya je kuwa. Gindi uku ne a waje, ba taki, ba kulawa, ganyen duk ƙura, amma ga 'ya'ya nan ɓul-ɓul. Iri ɗaya ne, wanda aka yi wa gata ya ƙi, wanda aka watsar ya yi. Malam ya ce zai dawo gobe bayan sallar asuba, kada kowa ya yi feshi.

Da gari ya waye suka tsaya a bakin rijiya. Ƙudan zuma na shiga fure suna fitowa jikinsu buɗu-buɗu da gari rawaya. Suka ɗaga labulen gidan leda, tsit, ko ƙuda ɗaya babu.

Kabewa fure biyu take yi a jiki ɗaya. Namijin yana kan siririn kara, shi ke da garin. Macen kuwa karanta gajere ne, da ɗan kumburi a ƙarƙashinta, wato kabewar da za ta zama. Garin yana da nauyi da danƙo, iska ba ta ɗaukarsa, sai ƙwaro ya kai shi. In bai isa ba, ɗan kumburin zai ɗan girma kwana kaɗan ya mutu. Tumatir bai damu ba, domin furensa ɗaya ya haɗa namiji da mace, girgiza kaɗan ta ishe shi. Kokwambar da ake sayarwa don gidan leda kuma an ƙirƙire ta ne ta yi 'ya'ya ba tare da barbara ba. Su ne suka rufe wa kowa ido.

Ba wauta ce ta sa aka ɗaura ragar ba. Wanda ya ga abin da tsutsar Tuta absoluta ta yi wa tumatir a Kano da Kaduna a 2016, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci, ba zai bar ko kafar allura a buɗe ba, ga kuma farin ƙuda mai kawo cutar nannaɗe ganye. An yi gudun gara ne aka faɗa gidan zago. Abin da ke ba ni haushi shi ne masu kafa wa manoma waɗannan rumfuna kan karɓi maƙudan kuɗi su koyar da noman tumatir kawai, ba mai cewa uffan game da amfanin da ba ya yi sai da ƙudan zuma.

Malam ya tsinki namijin fure, ya yage ganyayyakinsa har tsinken tsakiya ya fito, ya goga shi a hankali a cikin macen fure sai da garin ya manne. Namiji ɗaya kan ishi mata biyu ko uku.

Duk da haka mako na farko rabi ne suka kama, har Alhaji ya fara shakka. Da aka bi diddigi sai aka gano yaron gona yana barin aikin sai ya gama ban ruwa da tsinkar kokwamba, rana ta take. Furen kabewa safiya ɗaya yake buɗewa, kafin azahar ya tsuke, kuma zafin da leda ke tarawa yana kashe ƙarfin garin. Aka mai da barbara aikin farko, tun da sanyin safiya. Cikin kwana biyu zuwa uku aka ga 'ya'yan suna miƙewa, mako bai cika ba aka fara tsinka.

A shuka ta gaba Alhaji ya fitar da kabewa daga cikin tumatir, ya yi mata rumfarta daban wadda ake naɗe ragar gefe da safe a sake ta da hantsi, ya kuma hana feshi muddin fure na buɗe.