Karen da aka tsinta da kuɗin aikin likita

Yau za mu leƙa ƙasar Ingila, mu ga yadda mutane suke yi idan karensu ya kamu da ciwon da sai an yi masa fiɗa. Wani zai ce ina ruwanmu da karen Turawa. A yi haƙuri a karanta har ƙarshe, domin akwai abin da ya shafi duk mai dabba.

A birnin Landan akwai wani gida da ake tara karnukan da suka ɓace ko aka yasar a titi. Wata mata mai suna Mary Tealby ce ta kafa shi a shekarar 1860. A 1871 aka mai da shi unguwar Battersea, kuma har yanzu yana aiki. Mai son kare yakan je can ya zaɓi ɗaya, ya kai shi gida. Wani lokaci tsoho ne ko tsohuwa mai zaman kaɗaici. Karen nan shi ne abokin hira, shi ne abokin tafiya.

Ana nan sai ciwo ya zo. Wani mota ce take buge shi, ƙashi ya karye. Wani jijiyar gwiwa ce take tsinkewa. Manyan karnuka kuma tumbinsu yakan kumbura ya murɗe, kuma in ba a yi aiki da sauri ba, kare yana iya mutuwa cikin ƴan awoyi. Irin wannan aiki yakan wuce fam 2000, wato fiye da sefa miliyan ɗaya. Kuɗin yana da yawa saboda sai an ɗauki hoton ƙashi, a yi allurar barci, a sa ƙarfe da ƙusoshi, a kwantar da karen, a sayi magani. A Ingila, tun 1948 gwamnati ce take ɗaukar nauyin jinyar mutane. Jinyar dabba kuwa tana wuyan mai ita.

To, da me suke biya? Waɗansu suna da inshora. Kowane wata suna zuba kuɗi kaɗan ga wani kamfani, ranar ciwo kamfanin ya biya likita. Amma yawanci ba ya biyan ciwon da karen yake da shi tun kafin a fara zubi. Waɗansu suna cin bashi, su riƙa biya da kaɗan-kaɗan. Waɗansu suna neman gudummawa wurin dangi da abokai, ko ta intanet. Marasa hali kuma suna da ƙungiyar PDSA, wadda Maria Dickin ta kafa a 1917 don jinyar dabbobin talakawa.

Idan duk wannan bai samu ba, sai a zauna da likita a yi shawara. Wani lokaci a yanke ƙafar da ta lalace, domin ya fi sauƙin kuɗi, kuma kare yana tafiya sosai da ƙafa uku. Wani lokaci kuma a yi masa allurar da zai mutu ba tare da wahala ba. Mutane da yawa suna barin wurin da hawaye.

A nan ƙasarmu ma kare yana da aikinsa. Yana tsare garke daga dila da ɓarayi, yana gadin gida da garka. Karen Azawak na arewacin Tahoua har a Turai an san shi. Sai dai irin wancan babban aiki ba ya samuwa a ƙauye. Don haka abin da yake hannunmu shi ne hana ciwo tun bai zo ba. A kai kare wurin ma'aikatan kiwo a yi masa allurar haukan kare, a riƙa sabunta ta yadda suka faɗa. A hana shi yawo a bakin hanyar mota. Idan ya ji rauni, a ɗaure bakinsa da tsumma kafin a taɓa shi, domin kare mai jin zafi yana cizon ko ubangidansa. In ya ciji mutum, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a tafi asibiti nan da nan.

Idan likitan dabbobi ya ce sai an yi aiki, a yi masa tambaya uku. Nawa ne kuɗin duka, har da magani? Dabbar za ta warke ta koma aikinta? Akwai wata hanya mai sauƙi? Jin ƙan dabba abu ne mai kyau, amma kada a buɗe rumbun iyali a bar yara da yunwa.

Abin da Turawa suke kira inshora, mu ma muna da irinsa a adashe da asusu. Maƙwabta za su iya haɗuwa su riƙa ajiye ɗan abu duk ranar kasuwa, don jinyar dabbobinsu. Kuɗin nan zai yi amfani ga kare, ga jaki, ga san noma, ga tunkiyar da haihuwa ta yi wa gardama. Da sanyin safiya ake kamun fara. Mu yi wannan shawara a ajin yaƙi da jahilci tun dabbobinmu suna da lafiya.